Darasi na 14: Takardar Jirgi da Lasisin Rediyon Sha'awa

Duk wanda ya bi ta Akwatialine a Kumasi da hantsi ya san ƙarar wurin: guduma a kan ƙarfe, injin yankan katako, masu kura suna ihun a ba su hanya. A cikin tarin tsofaffin kayan da ake saukewa a unguwar babu abin da ba ya fitowa, daga injin mota zuwa gawar talabijin. Samarin da suka tashi a nan hannunsu ya saba da waya da dalma tun suna ƙanana, shi ya sa wannan darasi ba zai yi wa da yawanku nisa ba.

Mu ƙaddara akwai wani dattijo a unguwar da ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa daga Tema, ya dawo gida ya zauna. A ƙasan adakarsa akwai takardar shaidar da ta ba shi izinin riƙe rediyon jirgi. Ran nan sai ɗan ƙanwarsa, mai gyaran wayar hannu, ya shigo da oba-oba sabuwa a kwali.

"Kawu, ga abin da na sayo. Tunda kana da takarda, mu kafa eriya a kan ɗaki mu riƙa gaisawa da mutanen Tamale."

"Wace takardar kake nufi?"

"Ta jirgi mana. Ai duk rediyo ne."

Dattijon ya juya na'urar a hannunsa, ya miƙa masa abarsa. "Ɗana, takardata a kan ruwa take aiki. Ka taɓa ganin teku a Kumasi?"

Kawu ya fi gaskiya, amma yaron ma bai yi ɓatan kai gaba ɗaya ba. Takardar tana da amfani a wannan sabuwar hanya. Abin da za mu koya shi ne inda amfanin nata ya tsaya.

Abin da ake kira rediyon sha'awa

Rediyon da muka saba da shi mutum ɗaya ne ke magana, dubbai na saurare, kamar yadda ake kama Zuria FM a gidajen zango, ko Sashen Hausa na BBC da ya fara watsa shirye-shirye a watan Maris na 1957, watan da Gana ta sami 'yancin kai. Rediyon sha'awa kuwa hira ce tsakanin mutum da mutum. Kowa na da tasharsa a ɗakinsa, ya yi magana ya saki maɓalli, ɗayan ya amsa. Wanda ya amsa ɗin yana iya kasancewa a Asawase, yana iya kasancewa a Birazil.

Hukumar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, wadda aka kafa a 1865 kuma take da mazauni a Janiba, ita ce ke raba wa duniya zangunan rediyo. A dokokinta ta bayyana wannan harka da abubuwa uku: mutum ya koyar da kansa, ya yi magana da 'yan'uwansa masu irin sha'awarsa, ya yi gwaje-gwajen fasaha. Ta kuma gindaya sharaɗin cewa ba don neman kuɗi ba. Wannan sharaɗi ne ya fi yi wa ɗan zango ciwo, mu da kakanninmu suka zo ƙasar Tonawa bin goro. Ba za ka kira abokin cinikinka a Kano ka tambaye shi yadda huhu ya kwana ba. Ba talla, ba sa waƙa don jama'a su saurara, ba tara masu sauraro kamar gidan rediyo. Kuma ba zaurance: duk abin da ka faɗa dole ya zama wanda ya kama zai gane. Hausa ba zaurance ba ce, saboda haka idan ka dace da Bahaushe a Maraɗi ko Zariya, ku gaisa da harshenku, ku dai faɗi lambar kiranku yadda kowa zai ji.

Lambar kira ita ce sunan mutum a iska. Haruffan farko suna nuna ƙasa: na Gana 9G, na Nijeriya 5N, na Nijar 5U, na Togo 5V, na Burkina Faso XT. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikin masu wannan sha'awa, lambarsa JY1, kuma talakawa daga ƙasashe da dama sun yi hira da shi daga ɗakunansu. A Gana, mai ba da wannan lamba da lasisin da ke tare da ita ita ce Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, wadda aka kafa a 1996. Dokar sadarwa ta 2008, mai lamba 775, ta hana kowa watsa magana a zangon rediyo ba tare da izinin hukumar ba. Saurare kyauta ne. Danna maɓallin magana shi ke buƙatar takarda.

Takardar da ke cikin adakar Kawu

Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, ƙasashe suka ɗaure wa rediyon jiragen ruwa doka mai tsauri. Tsarin da ake bi yau sunansa GMDSS, ya kankama gaba ɗaya ranar 1 ga Fabrairu 1999. A ƙarƙashinsa akwai takardu biyu da aka fi sani. Ƙaramar, ROC, ta mai aiki kusa da gaɓa ce, inda tashar bakin teku ke jin sa. Babbar, GOC, ta mai shiga tsakiyar teku ce. Ana koyar da wannan aiki a jami'ar koyon aikin teku da ke Nungua, a birnin Akara, wanda mu a zango muke kira Ankara. Matuƙan jiragen sama da masu ba su umarni daga hasumiya su ma suna da tasu shaidar. Haka sojan da ya yi aikin sigina, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin kashe gobara, kowa an koya masa rediyon aikinsa.

Ku lura da abin da waɗannan takardu ke shaida. Suna cewa wannan mutum ya iya sarrafa na'urar da wani ya ƙera, wani ya kafa, wani ya duba ya ce ta yi, a kan tashoshin da aka riga aka ƙayyade. Mai rediyon jirgi ya san tasha ta 16, wato megahaz 156.8, ta kiran gaggawa ce. Matuƙin jirgin sama ya san 121.5. Ba a nemi ɗayansu ya buɗe cikin na'urar ba, hasali ma an hana shi.

Mai rediyon sha'awa kuwa an sakar masa mara. Yana iya ƙera na'urarsa da hannunsa, ya yanke eriyarsa, ya zaɓi inda zai tsaya a cikin zangon da aka ware masa. Idan muka kwatanta da mota, mai takardar jirgi direba ne ƙwararre. Mai rediyon sha'awa shi ne direban, shi ne mai motar, shi ne kuma makanikin Suwame da ya haɗa injin. Direban da ya shekara 20 a hanyar Kumasi zuwa Bawku ba lalle ne ya iya ɗaure giya ba, kuma wannan bai rage masa komai a tuƙinsa ba. Tambaya ce daban, shi ya sa hukuma ke yin ta daban. Sashe na 25 na dokokin ITU ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin tabbatar da abu biyu kafin ta ba mutum wannan lasisi: iya aiki da na'ura, da sanin fasahar da ke cikinta. Takardar Kawu ta amsa na farko sosai. Na biyun ne ake tsayawa a duba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi da masu takarda

Tunda kowace ƙasa ce ke yin nata awon, an sami bambanci. Kanada tana karɓar wasu manyan takardun aikin rediyo da ita kanta ta bayar, irin na tsofaffin jami'an rediyon jirgi masu daraja ta ɗaya da ta biyu, ta ba mai su izinin rediyon sha'awa ba tare da ya sake zama jarrabawa ba. Ƙananan takardu, irin wadda mai kwalekwalen shaƙatawa ke samu bayan ɗan gajeren horo, ba sa cikin wannan rangwame. Dalilin a fili yake, domin manyan takardun nan sai da aka yi jarrabawar lantarki mai zurfi kafin a same su.

Amurka ta fi tsauri. A da, wanda ke da lasisin buga tangarahu na aiki ana yafe masa gwajin Mos kawai, wato harshen nan na gajeren sauti da dogo, amma sai ya rubuta sauran jarrabawar. Da taron ITU na 2003 ya cire wajabcin Mos daga dokar duniya, Amurka ta soke gwajin a 2007, rangwamen ya tafi tare da shi. Yau injiniyan gidan rediyo da ɗan makaranta benci ɗaya suke zama. Ƙasashen Turai kuma sun haɗu a kan takardar jarrabawa guda mai suna HAREC, wadda idan ka ci a wata ƙasa sauran za su karɓa, kuma Afirka ta Kudu ta shiga wannan tsari.

A duk waɗannan misalai babu inda takardar aiki ke rikiɗa ta zama lasisin sha'awa da kanta. Ko a Kanada sai mutum ya nema an ba shi lambar kira. Saboda haka mazaunin Akwatialine mai GOC, ko tsohon sojan sigina, ƙofar da zai ƙwanƙwasa ɗaya ce da ta kowa, wato NCA, kuma ita ke da ta cewa a kan nauyin da za ta ba takardarsa. Shawarata ita ce ka shirya kamar za ka rubuta jarrabawar duka. In an yafe maka wani ɓangare, ka ci riba. In ba a yafe ba, ba ka yi asarar kuɗin mota ba.

Abin da ka riga ka mallaka

Kada mai takarda ya ji an rena shi. Rabin abin da ke ba sababbi wahala yana cikin jininsa. Ya iya haruffan kira, Alfa, Birabo, Cali, Delta, ba ya cewa "B na Bala" a iska. Ya san a saurara kafin a yi magana. Ya san idan aka ji kiran neman ceto kowa bakinsa yake kamewa. Ya saba rubuta kowace magana a littafin tasha da lokacinta. A nan ma ɗan Gana ya yi sa'a: littafin tasha da agogon duniya ake cika shi, agogon Gana kuwa shi ne agogon duniyar, tunda layin Girinwic ta Tema ya ratsa. Abokinka na Katsina ko Damagaram sai ya rage awa ɗaya kullum, kai kuwa agogon hannunka ya ishe ka.

Akwai 'yan kalmomin da zai ƙara. CQ kira ne ga duk mai ji. QTH wurin da kake. QSL na ji na tabbatar, kuma sunan katin da ake aika wa juna don shaidar an yi magana. 73 gaisuwar sallama ce. Wannan aikin mako guda ne.

Abin da ya rage: lissafi da waya

Nan ne za mu daɗe, domin nan jarrabawa ke kama mutane.

Dattawan da suka saurari labarai a gajeren zango sun tuna mai shela yana cewa mita 16, mita 25, mita 41. Waɗannan mitoci tsawon igiyar rediyo ne, kuma awo ne na gaske, irin na tela. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan ka raba 300 da adadin megahaz, sai ka sami tsawon igiyar a mita. Masu rediyon sha'awa a Afirka suna da wuri daga megahaz 7.0 zuwa 7.2. Raba 300 da 7.1, za ka sami mita 42 da 'yan kai, shi ake taƙaitawa a ce zangon mita 40. Maƙwabcinsa na sama shi ne mita 41 ɗin gidajen rediyo. Katanga ɗaya ce tsakaninku, kuma in na'urarka ta zame ta haura, ka shiga gonar wani.

Eriya mafi sauƙi waya ce miƙaƙƙiya, rabin tsawon igiyar, a yanka ta biyu a tsakiya a haɗa da wayar da ke gangarowa ɗaki. A aikace ana raba 143 ne da megahaz, ba 150 ba, saboda waya takan bukaci a rage mata kusan kashi 5 cikin 100. A megahaz 7.1 za ka sami mita 20, goma dama goma hagu. To, wa ke da filin mita 20 a gidan haya na zango, inda igiyar shanya ma sai an yi rabo? Sai a koma zangon mita 20, daga megahaz 14.0 zuwa 14.35. Raba 143 da 14.2, ka sami mita 10, biyar kowane hannu. Wannan zai shiga tsakar gida, in mai gida ya yarda. Ka nemi yardarsa tun kafin ka hau kwano, kuma ka nisanci wayar lantarki ta titi nisan da ko sandar ta faɗi ba za ta taɓa ta ba.

Yanzu mu koma kan oba-obar yaron nan da burinsa na Tamale. Irin waɗannan ƙananan na'urori a manyan megahaz suke aiki, na masu sha'awa daga 144 zuwa 146, da kuma 430 zuwa 440. Igiyar wannan zango kusan miƙe take tafiya kamar hasken tocila. Gini na tare ta, tudu na tare ta, doron ƙasa na tare ta. Daga hannu zuwa hannu a cikin gari 'yan kilomitoci ne, daga Akwatialine zuwa Aboabo ko Kejetiya. Tamale ta yi mata nisa. Gajeren zango kuwa, duk da sunansa, shi ne mai dogon zango. A can sama, ɗaruruwan kilomita, akwai wani rufin iska da hasken rana ke cajawa. Igiyar gajeren zango takan doke shi ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, ta sake tashi. Shi ya sa mita 40 ke kai ka maƙwabtan ƙasashe da rana, da dare kuma ta tsallaka teku, mita 20 kuwa ta fi jin daɗin rana da yamma. Ƙarfin rufin yana hawa da sauka tare da rana a zagayen kusan shekara 11. Mai GOC ya taɓa wannan a aikinsa, amma a jirgi akwai jadawalin da ke gaya masa inda zai murɗa. A ɗakinsa shi zai yi wa kansa hisabi.

Akwai wani haɗari a oba-obar kasuwa da ya kamata kowa ya sani. Da yawansu, irin Baofeng, suna buɗe daga megahaz 136 har 174. Tasha ta 16 ta jiragen ruwa tana ciki, haka zangunan ma'aikatu da na jami'an tsaro. Na'urar ba za ta hana ka ba. Iliminka ne kaɗai birki, kuma dalilin jarrabawar ke nan.

Sai wutar da na'ura ke ci. Ƙa'idar ita ce bolt sau amfiya ya ba da wat. Babbar na'urar gajeren zango mai fitar da wat 100 takan ja kusan amfiya 20 a bolt 13.8 lokacin magana, wato wat 276. Ragowar zafi yake zama. Amfiya 20 ba wasa ba ce: siririyar waya za ta yi zafi ta narke, shi ya sa ake sa mai kauri da fis kusa da batir. Unguwar da ke cike da katako da ɗakunan langa-langa, wadda gobara ba baƙuwarta ba ce, ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan wannan. Haka tsawa. Da hadari ya haɗo, a cire wayar eriya daga na'ura a ajiye ta nesa. Daɗin abin shi ne batirin mota ya isa ya riƙe tasha. Mun ga shekarun dumso, wato na yawan ɗauke wuta, mun kuma ga ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, intanet ya tsinke a Gana da maƙwabtanta. Mai batir da waya mita 10 ba ya bi ta kan kowa kafin muryarsa ta fita, kuma dokar ITU ta yarda ya isar da saƙon wasu a lokacin bala'i, gwargwadon yadda ƙasarsa ta tsara.

Wanda ke ganin abin na tsofaffi ne ya tuna da GhanaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko na Gana, wanda matasan Jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa tare da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan. An sake shi daga tashar sararin samaniya a watan Yuli na 2017, kuma a zangon masu sha'awa, wajen megahaz 437, ya riƙa aiko da saƙonsa.

Zuwa hukuma

NCA tana da babban ofishi a Akara da reshe a Kumasi. Ka tafi da katin ɗan ƙasa, da asalin takardar aikinka da kwafinta. In akwai takardar da ta nuna darussan da aka koya maka kafin a ba ka shaidar, ka haɗa da ita, domin abin da ka karanta shi ake aunawa, ba kyan hatimi ba. Ka rubuta wasiƙa gajera ka faɗi abin da kake nema, ka tambaya ko takardarka za ta rage maka wani ɓangare na jarrabawa, ka roƙi amsa a rubuce. Ka tambayi manhajar jarrabawa, da matakan lasisi, da kuɗin kowanne, ka biya a inda za a ba ka rasit. Kafin ka sayi babbar na'ura ko ka sa a aiko maka daga waje, ka tambaya ko irinta na cikin waɗanda hukumar ta amince da su. Akwai kuma ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Gana, GARS, wadda ke cikin ƙungiyar duniya da aka kafa a Faris a 1925. Zama da wanda ya riga ka shiga ya fi karatun wata guda kai kaɗai.

A gidan Kawu, abin da ya fi dacewa shi ne su yi karatun tare. Dattijo ya koya wa yaro ladabin iska, yaro ya nuna masa yadda ake auna waya da mita. Lasisi dai kowa da nasa, ba a aron sa kamar keke.

Aikin gida

1. Wata tasha tana aiki a megahaz 21.2. Nemo tsawon igiyarta, sannan ka lissafa tsawon wayar eriya da na kowane hannu.
2. Auna tsakar gidanku da igiya. Eriyar mita 40 ce za ta shiga ko ta mita 20? Ina wayar lantarki mafi kusa?
3. Oba-oba tana jan amfiya 2 daga batir mai bolt 7.4. Wat nawa take ci?
4. Rubuta wa NCA wasiƙar da ba ta wuce layi 10 ba, a madadin mai takardar GOC da ke neman lasisin rediyon sha'awa. Ka kawo ta aji mako mai zuwa, za mu karanta wa juna.